Tsoro na daji ne, amma ni ba na shiga da bindiga

Duk lokacin da muke shirin fita tattaki na kwana biyu ko uku a daji, sai an sami wani sabon shiga da zai ja ni gefe, ya sassauta murya ya ce, "Yaya, wai ba wanda zai riƙe wani abu ne?" Na san abin da yake nufi, makami yake nufi. Ban taɓa yi wa mai wannan tambayar dariya ba, domin masu iya magana sun riga sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Duk wanda ya taɓa kwana a tanti, babu abin da ya raba shi da duhu sai ƙyalle, ya san yadda karyewar ɗan kara ɗaya ke zama kamar takun ƙato a kunne. Tsoron gaskiya ne. Abin da nake ja da shi shi ne maganin da mutane ke nema masa.

Amsata a kullum ita ce ni ba na ɗaukar bindiga zuwa tattaki, kuma ba na son a ɗauka a ayarin da nake ciki sai da dalili mai ƙarfi. Ga abin da ya kai ni ga wannan matsayi.

Shekarun baya mun yada zango mu huɗu a gindin wani dutse, tanti biyu. Ɗaya daga cikinmu mutum ne mai taka-tsantsan, ba ya kwanciya sai da adda a wajen kansa. Wajen ƙarfe uku na dare ya ji taku yana zagaya tanti, a hankali, kamar mai lalube. Ya fito da addar a sama, zuciyarsa na dukan uku-uku, ya nufi inuwar da ya gani. Saura taku uku ko huɗu inuwar ta yi tari, ta kira sunansa. Abokinmu ne da ya zaga bayan dutse, batirin tocilarsa ya mutu, yana laluben hanyar dawowa don kada ya tashe mu. Har gari ya waye babu wanda ya sake runtsawa. Mai addar ya zauna bakin wuta hannunsa na rawa, bai iya cewa komai ba.

Na daɗe ina juya daren nan a raina. Abin da ya ceci abokinmu shi ne adda sai an matso kusa ake sara da ita, kuma a cikin 'yan takun nan Allah ya ba da damar gane murya. Da bindiga ce a hannun mutumin nan, daga bakin tanti za a gama komai. Harsashi idan ya fita ba a kiransa ya dawo. Kuma mutumin da nake ba ku labari ba mahaukaci ba ne, ba mai zafin kai ba ne. Barci ne a idonsa, ga duhu, ga tsoro, kuma a irin wannan yanayin ne dai ake cewa makamin zai yi amfani.

Sai mu duba abin da ke kashe mutane a daji da gaske. Gandun dajin Yellowstone na Amurka ya shahara da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da manyan farata, miliyoyin mutane ke shiga duk shekara. Tun da aka kafa shi a 1872, mutum takwas beyar ta kashe a cikinsa. Waɗanda suka ƙone a maɓuɓɓugan ruwan zafi sun haura ashirin, waɗanda ruwa ya ci kuma sun haura ɗari. Haka lamarin yake kusan ko'ina: faɗowa daga dutse, ƙetare rafi bayan ruwan sama, ƙishirwa, zafin rana, sanyin dare a kan tsauni, ɓatan hanya, ciwon zuciya a tsakiyar hawa. Dabbar da ta fi kowace barazana ga mai tafiya a ƙasa kuwa ita ce wadda bindiga ba ta da abin yi da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum tsakanin 81,000 zuwa 138,000 a shekara. Macijin da ya sare ka ba ka gan shi ba sai bayan ya gama. Takalmi mai rufe idon sawu, tocila da dare, da sanin asibitin da ke da allurar kashe dafi mafi kusa, su ne kariyarka.

Akwai kuma lissafin nauyi, wanda duk mai goyon jaka ya sani. Ƙaramar bindiga cike da harsashi ta kusa kilo ɗaya. Litar ruwa ma kilo ɗaya ce. Na sha ganin ranar da lita ɗaya ta raba mutum da suma a kan hanya. Ban taɓa ganin ranar da na ce da ma na zubar da ruwan na ɗauko ƙarfe ba.

To manyan namun daji fa? A nan akwai bincike na gaske. Masana biyu, Tom Smith da Stephen Herrero, tare da abokan aikinsu, sun bi diddigin arangamar mutane da beyar a Alaska. A rahotonsu na 2008 sun gano cewa feshin barkono da ake yi musamman don korar beyar ya tsayar da beyar mai launin ruwan ƙasa a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka fesa mata, kuma kashi 98 na mutanen da ke ɗauke da feshin sun fita ba rauni. A 2012 suka fitar da na bindiga, arangama 269 daga 1883 zuwa 2009. Doguwar bindiga ta yi nasara a kashi 76, ƙarama a kashi 84. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, waɗanda suka harba da waɗanda ke riƙe da bindiga ba su harba ba, yawan raunin da suka ji bai bambanta ba. Binciken biyu ba irin lamari ɗaya suka ƙirga ba, don haka ba zan ce an rufe magana ba. Amma dalilin a bayyane yake ga mai tunani. Beyar na iya gudun da ya haura kilomita 50 a awa. Idan ta taso maka daga nisan mita talatin, daƙiƙa biyu kake da su. A cikinsu za ka zaro, ka cire makulli, ka saita, ka sami wurin da zai kayar da ita, alhali ƙafafunka na rawa. Feshi kuwa hazo yake yi a gabanka, ba ya buƙatar gwanin saiti, kuma idan ka yi kuskure ya sami abokinka, zai sha raɗaɗi na ɗan lokaci ya tashi.

Ba zan ɓoye ba, akwai wuraren da bindiga ke da hujja. A tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, doka ta wajabta wa duk mai fita wajen gari ya riƙe abin korar farin beyar na ƙanƙara, hukuma kuma tana ba da shawarar a haɗa da bindiga. Can dabbar na iya ɗaukar mutum a matsayin abinci. Amma ko a can ɗin, a watan Agusta na 2011 beyar ta afka wa sansanin wasu ɗalibai 'yan Birtaniya, ta kashe yaro ɗan shekara 17, ta raunata mutum huɗu. Suna da bindiga. Wayar gargaɗin da suka kewaye sansanin da ita ba ta tashi ba, jagoran kuma ya ja kunama sau da yawa bindigar ba ta tashi ba saboda yadda makullinta yake, sai daga baya aka samu aka harbe dabbar. Ba don in zargi kowa na kawo wannan ba, mutumin ya yi jarumta yana cikin jini. Na kawo shi ne don masu zaton mallakar makami ita ce iya makami. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba da bindigarsa ba har hannunsa ya riƙa sarrafa ta cikin duhu ba tare da tunani ba, nauyi kawai ya ɗauka.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi yi mini wuya, wato mutum. Yawancin masu tambayata ba kura ko beyar suke tsoro ba, ɗan'adam suke tsoro. Kuma suna da gaskiya, musamman mata masu fita su biyu ko su kaɗai. A watan Disamba na 2018 an kashe wasu 'yan mata biyu, ɗaya daga Denmak ɗaya daga Norwe, a tantinsu kusa da Imlil, kan hanyar hawa dutsen Toubkal a Maroko. Duk wanda ya ji labarin nan ya san ba tatsuniya ake yi ba. Idan 'yar'uwa ta ce mini tana son abin kare kanta, ba ni da bakin ce mata tsoronta banza ne, kuma idan dokar wurin ta yarda da feshin barkono, zan ce ta ɗauka ta sa a inda hannunta zai kai nan take, kada ta cusa shi a ƙasan jaka.

Sai dai mu yi wa juna gaskiya game da bindiga a nan ma. Mugu shi ke zaɓar lokaci. Yana ganinka kai ba ka ganinsa, yana jiran ka yi barci, kuma galibi ba shi kaɗai ba ne. Tanti mai haske a ciki kamar fitila yake a tsakiyar duhu. Bindigar da ke ƙarƙashin matashinka, idan aka riga ka, ta zama ganima a hannun wanda zai yi ɓarna da ita gobe. Idan kuma wuri ya lalace har sai da bindiga za a shige shi saboda mutane, to ba wurin shan iska ba ne. A fasa tafiyar. Dutsen yana nan, ba ya gudu.

Wannan ne ainihin abin da ya fi damuna da makami: yana sauya shawarar mai ɗauke da shi. Mutumin da ba shi da komai a ƙugu, idan mutanen yankin suka ce kada ya bi ta kwarin nan, sai ya juya. Idan ya ga baƙuwar fuska tana yawan tambayar inda za su kwana, sai ya tattara ya ƙara gaba. Idan aka yi masa tsawa a kan ya taka gona ko ya matsa wa garke, sai ya ba da haƙuri. Da zarar ƙarfe ya hau ƙugu, sai zuciya ta fara raɗa masa cewa ai ba komai, a wuce. Gardamar da za ta ƙare da "yi haƙuri" sai ta ƙare da gawa. Tsoron nan da muke son kashewa da makami, shi ne fa ke mayar da mu gida lafiya.

Bayan abin da ya faru a Imlil, hukumomin Maroko sun wajabta ɗaukar ɗan jagora ga masu hawa Toubkal. A ganina nan ne hankali yake. Ɗan jagora na yankin ya san wace hanya ce ta lalace a makon nan, ya san fuskar kowa, kowa ya san tasa. Ga kuma ƙananan abubuwa da ba sa cin ko sisi: kada a kafa tanti kusa da inda mota ke iya zuwa, domin mai mugun nufi ba ya son doguwar tafiya a ƙasa, kada a gaya wa baƙo inda za a kwana, kada a ɗora hoton sansani a intanet sai an bar wurin.

Dokoki ma sun bambanta ƙwarai, kuma rashin sani ba ya fitar da mutum a kotu. A Amurka tun Fabrairun 2010 an yarda a shiga gandayen daji na tarayya da bindiga bisa dokar jihar da gandun yake, amma an hana shiga gine-ginen gwamnati da ita. Kanada ba ta yarda mai ziyara ya yi yawo da bindiga a gandayenta na ƙasa ba, amma ta yarda da feshin beyar. A Birtaniya feshin barkono kansa haramtaccen makami ne, wuƙar da za ka riƙe ba tare da dalili ba kuwa sai mai naɗewa, marar makulli, da tsawon kaifinta bai wuce inci uku ba. Abin da ke halal a wannan gefen iyaka yana iya kai ka kurkuku a wancan.

Wuƙa kam ina ɗauka, da sanda. Wuƙa ta yankan igiya ce da gyaran tanti, sanda ta dogarawa ce da bubbuga ciyawa. Idan aka zo maganar wuƙa nakan tuna Aron Ralston, wanda dutse ya danne wa hannu a wani kwazazzabo a jihar Utah a 2003. Ya yi kwana biyar a maƙale kafin ya yanke hannun nasa da 'yar wuƙa marar kaifi ya tsira. Mutane na jinjina wa ƙarfin zuciyarsa, ni ma haka. Amma abin da ya sa ba a zo nemansa da wuri ba shi ne bai gaya wa kowa inda za shi ba. Saƙo ɗaya kafin ya fita zai iya rage masa kwanakin nan. Yanzu har akwai 'yar na'urar neman agaji da ke aika wurin da kake ta tauraron ɗan'adam ko babu sabis na waya, kuma nauyinta bai kai rabin na bindiga ba.

Idan wani a ayarinmu yana da lasisi da horo, kuma wurin da za mu je ya buƙaci haka, sharaɗina shi ne ya faɗa wa kowa tun kafin a tashi, mu san inda take da wanda ke riƙe da ita. Wanda ya ɓoye makami a jaka ya bi mu, daga ranar ba na sake fita da shi, domin ya yanke hukunci a kan rayukanmu ba da saninmu ba.

Ƙanen nan da ya ja ni gefe kuwa, usur nake miƙa masa ya rataya a wuya, da batirin tocila na ajiya. Sannan in gaya masa dokar da muka kafa tun daren addar nan, wadda ba mu taɓa karyawa ba: duk wanda zai fita daga tanti da dare sai ya tashi na kusa da shi ya gaya masa, idan zai dawo kuma ya faɗi sunansa da ƙarfi tun daga nesa, ko da zai tashi kowa daga barci.