Inshorar sojojin Amurka tana biyan kuɗin jinyar shaye-shaye

Mutane da yawa suna ɗauka cewa TRICARE, wato inshorar lafiya ta sojojin Amurka da iyalansu, ba ta shiga batun shaye-shaye, domin a ganinsu sojan da giya ko ƙwaya ta kama laifi ya yi, ba rashin lafiya ke damunsa ba. Wannan fahimta ba daidai ba ce. Tsarin, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron ƙasar kuma yake kula da mutane fiye da miliyan 9, yana biyan kuɗin kwantar da mutum har gubar ta fita daga jikinsa, da zama a cibiyar gyaran hali, da jinyar da ake zuwa da rana a kwana a gida, har da magunguna irin su methadone da buprenorphine da ake ba wanda ƙwayoyin kashe zafi suka zame masa jaraba.

Ina ganin ruɗanin ya samo asali ne daga tsohuwar ƙa'ida, wadda ta taƙaita jinyar zuwa sau uku kacal a rayuwar mutum, kuma an soke ta a shekarar 2016. Abin da ya rage sharuɗɗa ne: sojan da ke bakin aiki sai likitansa ya tura shi kafin ya je asibitin farar hula, kuma kwanciya a cibiya, in ba ta gaggawa ba, tana buƙatar izini tun da farko. Wanda ya bar soja ba tare da ya kai ritaya ba kuwa, galibi ma'aikatar tsoffin sojoji ce yake komawa gare ta.