Gasar masu aikin itace: a fara tambayar inda kututturen yake

Jiya na leƙa bajekolin masu aikin itace da aka yi nan Garwa, a arewacin Kamaru, kuma tun da na dawo gida abin yake cina. Ba zan ambaci waɗanda suka shirya ba, sun yi ɗawainiya, rumfuna da kujeru da lasifika duk kuɗi ne. Amma a kan ƙyallen da suka rataya a ƙofa an rubuta da Faransanci cewa gasar ta karrama itacen gida ce da masu aikin da ba sa ɓarna a daji. Wannan rubutun ne ya shigar da ni, shi ne kuma ya fito da ni da ɓacin rai.

Abin da ya zo na ɗaya saitin kujerun falo ne. Kyau kam akwai, har mata na layi suna ɗaukar hoto a kai. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin babbar, sai ga farin katako, ayus, wanda kowane kafinta a garin nan ya sani, an bi shi da jan fenti da man ƙyalli don ya yi kama da maɗaci. Ayus ba ya fitowa a dajinmu. Daga kurmin kudu da gabas yake zuwa, jirgin ƙasa ya sauke shi a Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, tireloli su kwaso shi zuwa Garwa da Marwa da Kusiri har Njamena. Itacen Kamaru ne, ban musa ba. Amma ba shi da nauyi, ƙwaro na sonsa, kuma ni shaida ne: saitin da na saya lokacin aurena shekara bakwai bai cika ba na fara share garin katako a ƙarƙashinsa kowace safiya.

Can ƙarshen layi, kusa da mai sayar da ruwan sanyi, wani dattijo daga wani ƙauye bayan Pitowa ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ko tebur ba a ba shi ba. Turmi ɗaya, akushi biyu, allo uku, da kujera 'yar tsuguno wadda aka fitar daga gungume guda, ba ƙusa ba gam. Na gaishe shi, na ɗan jijjiga turmin, bai ko motsa ba.

Na ce, "Baba, wannan kirya ce?"

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ɗana, kai ɗan gidan sassaƙa ne ko? Yaran yanzu ba sa gane ta."

Na ce mahaifina, Allah ya jiƙansa, da gizago ya ciyar da mu. Sai ya saki jiki. Ya ce iskar farkon damina ce ta kayar da kiryar a gonar ƙaninsa shekara biyu da suka wuce, ya bar ta ta sha iska a inuwa, sannan ya taɓa ta. Turmin daga gindi ya fito, ƙotoci daga rassa, ragowar kuma wani maƙeri ya saya ya yi gawayi, don maƙera ba su da gawayin da ya kai na kirya. Allunan na aduwa ne, ya ce tawada ta fi zama a kanta kuma wanki ba ya cinye ta da wuri. Na shafa cikin akushin, ana jin sawun gizago layi-layi a ƙarƙashin yatsa, kamar kunyoyin gona. Alƙalan gasar sun zo sun wuce shi ina tsaye. Ɗayansu ya tambayi farashin kujerar, ya yi dariya, suka yi gaba.

To jama'a, in ana maganar aikin da ba ya cinye daji, wa ya fi wannan tsohon? Bishiya ɗaya, wadda ba shi ya sare ta ba, ba abin da ya tafi a banza. Turmin mahaifiyata mahaifina ne ya sassaƙa shi a shekarar da aka gama madatsar ruwan Lagdo, 1982, haka take lissafinsa. Ya haura shekara 40 ana daka a ciki, ya ga auren 'ya'ya mata huɗu, bakinsa ya ɗan tsage an ɗaure da ƙarfe, har yau yana tsakar gida. A tsawon wannan lokaci gidan da ke sayen kayan ƙyalli ya canza saiti sau nawa? Kowane canji bishiya ce ta faɗi a wani wuri, ko da ba a gabanmu ta faɗi ba.

Sai dai kada a ɗauka ina cewa a koma kan itatuwanmu da gatari don sun fi ƙarko. Nan ne ma tsorona yake, kuma shi ya sa nake ganin gasa irin wannan tana iya zama alheri, tana iya zama masifa. Duk itacen da aka yaba a kasuwa, an sa masa ranar mutuwa. Mu da ke kusa da iyaka mun ga abin da ya sami madobiya. 'Yan kasuwar Sin suka gano jan itacen nan ya dace da kayan ɗakin da masu kuɗinsu ke so, sai injinan yanka suka shiga dazukan Afirka ta Yamma ƙasa bayan ƙasa. A Taraba har suna aka canza mata, ana ce mata Madrid. Da ta yi ƙaranci a can, masu yanka suka fara tsallako iyaka. Bishiyar da Fulani ke sassabe wa shanu ganyenta da rani, wadda kan yi shekaru da dama kafin ta isa yanka, aka riƙa loda ta a manyan motoci. A 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa, a 2022 kuma, a taron Panama, aka ƙara da maɗaci da kawo. Wato itatuwan da kakanninmu ke yi wa kallon kayan gida, yau duniya na ƙirga su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Saboda haka in aka ce gobe za a ba da kyautar sefa dubu ɗari biyar ga wanda ya yi teburin maɗaci mafi kyau, ba tare da an tambaye shi komai ba, na rantse kafin wata gasar sai an nemi wasu manyan maɗatai an rasa. Su ma da ke bakin titi ai kun ga yadda masu magani suka ɓare musu ɓawo har iya tsayin hannu.

Abin da nake roƙo mai sauƙi ne a faɗa. Duk wanda zai shiga gasa, kafin a dubi ƙyallin aikinsa, ya faɗi sunan itacen da bakinsa, ya faɗi garin da gonar, ya ce faɗuwa ta yi ko sarewa aka yi, in sarewa ce ina takardar jami'an gandun daji. A tura yaro da babur ya ɗauko hoton kututturen, waya ce a hannun kowa. A sa tsofaffin masassaƙa biyu cikin alƙalai, waɗanda in sun shinshina katako za su gaya maka ko mene ne, fenti bai ruɗinsu. A sa mace ɗaya mai daka kullum, ita ta san turmin da ke tsalle da wanda ke zaune. A kuma ware kyauta ta musamman ga wanda ya yi aiki da tsohon itace: azarar giginya da ake fitarwa in an rushe gidan ƙasa, wadda gara ta gaza shekara da shekaru, yanzu sai ka ga an jefa ta a murhu.

Wani abokina kafinta ya ce mini ai darbejiya ba 'yar gida ba ce, daga Indiya aka kawo ta, bai kamata ta shiga irin wannan gasa ba. Ni ban yarda ba. Bishiyar da ta rufe titunan Marwa da inuwa, aka haife mu muka same ta, ta ci a ce mata 'yar gari. Tana girma da sauri, in an sare reshe ta sake tohowa, gara ba ta cika damunta ba. Duk kujerar da aka yi da darbejiya, wata kirya ce ta kwana lafiya. Gara a ba ta aji nata a gasar da a bar ayus mai jan fenti ya shiga da sunan maɗaci.

Na san masu cewa masassaƙi ba shi ne matsalar daji ba, murhu ne. Gaskiya ne, itacen girki da gawayi sun fi gizago ci nesa ba kusa ba. Chadi ta hana gawayi a ƙarshen 2008, mutanen Njamena suka sha wuya, mu ma nan kowa na ganin lodin itacen da ke shigowa gari da asuba. Amma mai gawayi ba ya tsayawa gaban jama'a da lasifika ya ce shi mai kare daji ne. Gasar ce ta faɗi haka, ita za a riƙe da maganarta.

Da la'asar aka fara naɗe rumfuna. Tsohon ya sayar da allo biyu da akushi ɗaya. Na taya kujerar, ya ce in ba da abin da ya sauƙaƙa tunda ɗan gida ne, na ce a'a Baba, faɗi kuɗinta, ya faɗa, na biya ban rage ko dala ba. Turmin kuwa ba wanda ya saya. Ni da jikansa muka ɗaga shi da ƙyar muka ɗora a bayan babur, aka ɗaure da roba, tayar baya ta lotsa. Ya ce in Allah ya kai mu ranar kasuwar Pitowa zai kai shi can, matan ƙauye ba sa tambayar ko ya ci gasa.