Musun Goku da Superman a Ingila, da namu na Rambo da Commando

Jama'a tunda na zo Ingila akwai abinda har yau ban gama sabawa da shi ba, wato ka ga magidanci da gemunsa, ga 'ya'ya ga haraji yana biya, amma ya tsaya yana tada jijiyar wuya akan waye zai daki wani tsakanin Darth Vader, bos ɗin fim ɗin Star Wars, da Thanos, bos ɗin finafinan Marvel. Kuma ba wasa yake ba fa. A wajen aikinmu lokacin cin abinci ake wannan daru, ɗaya yace ai Thanos a fim ɗin 2018 da ya haɗa wasu duwatsun tsafi guda shida a safar hannunsa yatsa kawai ya kyasta rabin halittu suka zama toka, ɗayan yace to a cire masa safar hannun mu gani, Vader fa a fim ɗin 1980 ta cikin allon talabijin ya shaƙe kwamandansa har lahira ko taɓa shi bai yi ba. Shayi ya huce suna nan.

Su fa da hujja suke zuwa. Mutum zai tsayar da fim ya ƙirga sakan nawa abu ya ɗauka, ya ɗauko kwamfuta yayi lissafin nauyin duniyar da aka ture, yace saboda haka wane yafi wane gudu sau kaza. Babban musunsu shine Goku na katun ɗin Japan Dragon Ball da Superman, dukkansu ba 'yan duniyar nan bane, jarirai aka turo su daga duniyarsu da ta tarwatse. Akwai wani shiri a YouTube, Death Battle, sun haɗa su faɗa a 2013, suka sake a 2015, suka ƙara a 2023, duk ukun Superman ne ya ci, kuma har yanzu 'yan Goku basu yarda ba, wai an yi musu maguɗi a lissafi. Kai kace sakamakon zaɓe ne.

To mu ma fa mun yi irin wannan, kar wani ya zo yana cewa shirmen turawa ne. Duk wanda ya zauna a bencin gidan kallo, ga ƙarar janareta ga zafi ga wani dogo ya tare maka rabin talabijin, ya san ana fitowa za'a fara: Rambo da Commando wa zai kashe wani, Jet Li da Jackie Chan, ko Bruce Lee da kowa ma. Sai dai mu babu ruwanmu da lissafi. Hujjarmu itace rantsuwa da ɗaga murya da kuma "wallahi yayana ya kalli wani kaset da baku gani ba". Wanda yafi baki shi ya ci, idan abin yayi zafi a koma gwadawa a tsakar layi har a yaga wa wani riga.

Amma a ganina mun fisu gane kan abin, saboda ko yaro a wancan lokacin ya san akta baya mutuwa. Idan fim ɗin Rambo ne Rambo zai ci, idan na Commando ne bos ko harsashi dubu zai harba ba zai same shi ba. Shikenan magana ta ƙare. Shi kansa Stan Lee, marubucin da ya ƙirƙiro da yawa daga jaruman Marvel, da aka dame shi da tambayar nan cewa yayi wanda marubuci yake so shi ke cin faɗa. Kuma gaskiyarsa ne, Thanos ɗin nan da ake ta kururutawa a 2005 Marvel sun sa wata yarinya Squirrel Girl, mai yawo da kurege, ta kayar da shi a littafinsu. Superman da ya fara fitowa a 1938 ko tashi sama baya yi, tsalle kawai yake, daga baya aka mayar da shi mai ture duniyoyi, a 1992 wani dodo Doomsday ya kashe shi, shekara na zagayowa suka dawo da abinsu tunda shine jarinsu. To wane Superman ɗin kake aunawa a ciki? Lissafin nan aikin baban giwa ne.

Shi yasa nafi ganin mutuncin musun 'yan dambe. Idan dattawa suna gardamar Shago da Ɗan Dunawa, mutane ne na gaske, ana shiga fili ne a gaban jama'a ga makaɗa ga kowa, wanda aka kai ƙasa ba sai an ɗauko kwamfuta ba.

Inda zan sara wa turawan nan shine adana. Mutum zai gaya maka shekarar da abu ya fito da lambar littafin, ya je ya ɗauko maka a kanta cikin leda kamar takardar fili. Mu kuwa damben da aka yi a gaban dubban mutane yawanci sai a waƙa da bakin tsofaffi zaka ji shi, kowa da irin nasa labarin.

Idan kuma dole sai na zaɓa, ni Goku nake, ko sau goma Death Battle za su kashe shi. Shi atisaye yayi ya sha duka kafin ya kai inda ya kai, wancan kuwa rana ce kawai take haska shi ƙarfi ya zo. Ɗan Superman ɗin da bai yarda ba ya fito, amma banda lissafi don Allah.