Kafin ka yi wa yaƙi tafi, ka tuna da Iraƙi

Da zarar an fara harba makamai a wani yanki na duniya, sai Facebook ta ɗauki shewa. Kowa ya zaɓi ɓangarensa, ana ta yaɗa bidiyon gini yana rushewa, ana kirari, kai ka ce ƙwallo ake kallo. Jama'a, akwai mutane a cikin ginin nan fa. Ni dai duk wanda na ga yana zumuɗin yaƙi, Iraƙi nake so ya tuna.

Ranar 20 ga Maris 2003 Amurka da Birtaniya suka afka wa ƙasar, bisa hujjar cewa Saddam Hussein ya ɓoye makaman ƙare dangi. Makaman da har yau ba a gani ba. Cikin mako uku Bagadaza ta faɗi, ranar 1 ga Mayu George Bush ya tsaya a kan jirgin ruwan yaƙi ya ce an gama babban faɗa. Ashe ko somawa ba a yi ba. Mafi yawan waɗanda suka mutu, Iraƙawa da Amurkawa, bayan wannan jawabin suka mutu, a shekarun mamaya. A watan nan na Mayu ne Paul Bremer, wanda aka ɗora ya mulki ƙasar, ya sa hannu a takarda ya rushe rundunar sojan Iraƙi baki ɗaya. Wajen mutum 400,000 suka wayi gari ba aiki ba albashi, ga su kuma sun iya bindiga. Me ake tsammani?

Amma idan kana son ka gane mamaya, ka bar ofishin Bremer, ka je bakin titi. A Janairun 2005, a garin Tal Afar, dab da magariba, wani magidanci ya tuƙo mota zai koma gida da matarsa da yara a kujerar baya. Ga sojojin Amurka suna sintiri a ƙafa. Suka yi alamar ya tsaya, motar ba ta tsaya ba, suka buɗe wuta. Uba da uwa suka mutu nan take. Akwai mai ɗaukar hoto a tare da sojojin, shi ya ɗauki hoton da ya zaga duniya: yarinya 'yar shekara biyar a durƙushe, jinin iyayenta a fuskarta da hannuwanta, tana ihu, ga ƙafafun soja da bakin bindiga a gefenta. Direban bai ɗauko bam ba. Su kuma sojojin sun sha jin labarin motar da ta matso ta tashi da mutane. Wannan shi ne aikin mamaya na yau da kullum: a ɗauko matashi daga ƙasa mai nisa, ba ya jin Larabci, ga tsoro ga bindiga, a tsayar da shi a hanyar da mutane ke bi su koma gida. Wanda ya taɓa sauka daga babur ya tura shi a gaban shingen soja a garuruwanmu ya san yadda gaba ke faɗuwa, alhali mu sojan namu ne.

Ba duka ne kuskure ba, kada a ruɗe mu. A Haditha, a Nuwamban 2005, bam ɗin gefen hanya ya kashe sojan Amurka ɗaya, sai abokansa suka huce a kan mutanen unguwa, suna bi gida-gida. Farar hula 24 aka kashe, ciki har da mata da ƙananan yara da wani tsoho mai keken guragu. Hotunan kurkukun Abu Ghraib na 2004 kuwa, inda sojojin Amurka suke azabtar da fursunoni Iraƙawa, wanda ya gan su ba ya buƙatar bayani. Ƙungiyar Iraq Body Count, wadda ke lissafa mutuwar da aka samu shaidarta a rubuce kawai, ta ƙirga farar hula sama da 100,000 kafin sojojin Amurka su janye a ƙarshen 2011. Miliyoyi sun bar gidajensu, wasu zuwa Siriya da Jordan.

To sojan fa? Na san wani zai ce ai shi ya kai kansa. Gaskiya ne, kuma ba zan haɗa shi da wanda aka tarar a cikin gidansa ba. Amma shi ma an ci amanarsa. Kusan sojojin Amurka 4,500 ne suka mutu a Iraƙi, fiye da 30,000 suka ji rauni, Birtaniya ta rasa 179. Wanda ya koma da ƙafafunsa ma ba lallai ya koma da hankalinsa ba: barci ya gagara, ƙarar ƙofa ta firgita shi, aure ya mutu, sai giya da ƙwaya. Wani bincike na Jami'ar Brown a 2021 ya ƙiyasta cewa sojoji da 'yan mazan jiya na yaƙe-yaƙen bayan 2001 da suka kashe kansu sun haura 30,000, wato ninki huɗu na waɗanda aka kashe a fagen daga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka raba hukunci. Cikin sojoji takwas da aka tuhuma a kan Haditha, ɗaya kaɗai aka samu da laifi, na sakaci da aiki, aka rage masa girma, bai shiga kurkuku ba. Sojojin haya huɗu na kamfanin tsaro na Amurka, Blackwater, da aka ɗaure saboda kisan farar hula a dandalin Nisour na Bagadaza a 2007, Donald Trump ya yi musu afuwa a 2020. Rahoton Chilcot, wato binciken da Birtaniya ta yi a kan yaƙin, ya fito a 2016 ya ce Tony Blair, firaministan ƙasar a lokacin mamayar, ya shiga yaƙin tun kafin a ƙure hanyoyin sulhu, ihu bayan hari. Bush yana Texas yana zanen hotuna. Shi kuwa ɗan jaridar nan Muntazar al-Zaidi, da ya jefe shi da takalmi a Bagadaza a 2008 da sunan zawarawa da marayun Iraƙi, sai da ya yi wata tara a gidan yari.