Tauraron da ke gefen lamba a takardar analiz ba sammacin mutuwa ba ne

Jama'a bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci min rai, musamman ga masu ciwon raunin zuciya irina. Shekara huɗu ke nan ina fama da shi a nan Garwa, takardun analiz ɗina, wato sakamakon gwaje-gwajen asibiti, sun cika leda guda, kuma wallahi a farko duk ranar da na karɓo sakamako ba na iya cin tuwon dare.

Akwai wata rana an rubuta min créatinine 14, wato kiriyatinin, gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda, an ɗora masa tauraro a gefe, alamar ya fita daga ma'aunin lafiyayye. Yarona ya duba a waya ya ce Baba wannan ai wankin ƙoda ya kama ka, ga shi an ce lafiyayye bai wuce 1.2 ba. Ashe labo ɗinmu na nan da mg/L suke rubutawa, abin da ya gani a intanet kuma mg/dL ne, 14 ɗina 1.4 ne a wancan ma'aunin, in ma ka tsallaka Yola za ka iya samun an rubuta maka wajen 124 da µmol/L, duk abu ɗaya. Ni kuwa tsoro ya sa na ajiye enalapril, maganin zuciyata, ban tambayi kowa ba, kafin sati biyu ƙafa ta kumbura takalmi ba ya shiga, barci sai a zaune na jingina da bango ina haki. Da na koma likita ya dube ni ya ce Malam wa ya ce ka daina? Ya bayyana min cewa wannan maganin dama yakan ɗan ɗaga kiriyatinin in an fara shi, in hawan bai yi yawa ba ana ci gaba ana lura ne kawai. Kunya ta kama ni sosai.

To ra'ayina shi ne, lamba ɗaya tilo ba ta ba da labari, sai ka jera ta da ta watan baya da ta bara. Shi ya sa nake jin haushin masu yar da tsofaffin takardu ko a ƙunshe ƙosai da su. Kai ba da lambar lafiyayye da ke cikin littafi za a gwada ka ba, da kanka na jiya za a gwada ka. Ni FEVG ɗina, ma'aunin ƙarfin bugun zuciya da ake gani a hoton eko, 35% ne, kuma ba wai saura 35 cikin 100 na zuciyata ba ne kamar yadda wata gwaggona ta ɗauka har ta fara kuka, ai ko lafiyayye ma tsakanin 50 da 70 yake, kason jinin da zuciya ke turawa ne a kowane bugu.

Wanda dai ba na wasa da shi shi ne potasiyom, wani sinadari da ake aunawa a jini. Daidai ɗinsa 3.5 zuwa 5.0, Lasilix, maganin rage ruwan jiki, yana zubar da shi ta fitsari, Aldactone kuma, shi ma maganin rage ruwa, yana riƙe shi, in ya haura 5.5 ko ya faɗi ƙasa sosai bugun zuciya na iya rikicewa alhali kai ba ka jin komai. Wannan kam ranar da ka karɓa ranar za ka nuna wa likita, kada ka ce sai ranar randebu.

Sannan ku riƙa faɗa wa likita gaskiya don Allah. Zafin Maris da Afrilu na Garwa ya wuce 40, kana gumi kana shan Lasilix wataƙila ga azumi, dole jiki ya bushe ƙoda ta nuna. Ko ka sayi diklofenak wajen mai tebur saboda ciwon gwiwa ka ɓoye, shi ma yana taɓa ƙoda yana tara ruwa. Kunun kanwa ma haka, kanwa gishiri ce a wata riga, ga magi cikin kowace miya.

Ni yanzu sikeli na saya, kullum da safe bayan fitsari kafin karin kumallo nake hawa in rubuta a bayan kalanda. In na ga kilo 2 ya ƙaru cikin kwana 3 ba na jiran wani analiz, sai in kira ɗan moto mu tafi.