Masu tahiya gida bakans, ku ɗaga kanku daga waya

Assalamu alaikum ƙannena 'yan lakkol da 'yan jami'a da ke nan Yamai, bakans, wato babban hutu, ta zo kowa na haramar tahiya gida, wasu Tawa wasu Ƙwanni wasu har Abalak. Magana ɗaya gare ni kuma dan Allah ku saurare ni, don abin na damuna ƙwarai. Sai ka ga yaro ya shiga bis tun kahin asuba ya toshe kunnuwa da ekuter ya duƙa bisa waya, ko sallama bai yi ma dattijon da ke kusa da shi ba, haka za a ci sama da kilomita 500 har a sabke shi Tawa, in ka tambaye shi mi ya gani bisa hanya sai ya ce maka rezo ne babu. Haba ƙanena.

Ni wallahi abubuwan da na hi tunawa cikin tahiyata ta damana bisa wannan hanya duk ta tagar mota suka zo ko daga bakin mutane. Mun hita Yamai da duhu, gari na wayewa muna wajen Kure, kilomita 60 ko kusa da haka, sai wata baiwar Allah ta ce ku duba ku duba, ashe raƙuman dawa ne tsaye cikin sabara suna cin ganye hankalinsu kwance, ɗan ƙarami na biye da uwa tai. Irin wannan raƙumin dawa duk Afirka ta Yamma nan ƙasarmu ya yi saura, da damana ne kuma suke hawowa tudu kusa da gudron, to wanda kansa ke cikin TikTok ina zai gan su?

Dosso muka tsaya aka sha shayi da burodi, wannan kowa ya san shi. Amma daga nan ne tahiyar ta yi mini daɗi, saboda tsohon da muke kujera ɗaya da shi, Ba'are ne zai sabka Dogon Dutsi. Na gaishe shi na miƙa mashi ruwa, shi kuma ya ɓare goro ya ba ni rabi, shi ke nan hira ta ɓalle. Da duwatsun Dutsi suka bayyana ya nuna mini arewa da hannu ya ce ɗana, can Lugu take, garin Sarauniya, nan ta tsaya ma sojan Faransa na Voulet da Chanoine a 1899, su ne kuma suka wuce suka ƙone Birnin Ƙwanni suka kashe bayin Allah ba adadi cikin wannan shekara. Na karanta wannan a lakkol amma ban taɓa jin shi a jikina ba sai da na ji yadda muryar Baba ta sauya yana hwaɗi, yana cewa kakanninsu sun ba su labari. Da zai sabka ya dafa kaina ya sa mini albarka, 'yan mata masu tallar ƙwan zabi sun yanyame taga, ya sai mini na dala ashirin ya ce in ci bisa hanya. Irin waɗannan tsofaffi ƙarewa suke yi ƙannena, in ba ku tambaye su yanzu ba wa za ku tambaya?

Sannan sallah. Matafiyi Allah ya yi mashi sauƙi, azahar da la'asar raka'a biyu biyu ne, addu'arshi kuma karɓaɓɓiya ce, amma sai a tsaya Ƙwanni ka ga samari sun ruga neman wurin sa caji har direba ya yi oda ba su ko taɓa buta ba. Wannan ba daidai ba ne, ku hwara da alwala, caji ya biyo baya.

Bayan Tsarnawa mun ɗauki hanyar Tawa hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ruwa ya sabko kamar da bakin ƙwarya, muka iske wata ƙorama ta cika ta hau hanya, direba ya kashe mota ya ce ba ya shiga sai ruwa ya janye. Wasu samari suka dinga yi mashi ihu wai ya ji tsoro, shi ko ko kallonsu bai yi ba. Kada ku zama cikin masu zuga direba, ko ga ruwa ko ga gudu, rayukan mutane ne a hannunshi har da naku. Nan muka zauna bakin hanya, hatsi kore shar ko'ina, wata inna ta kwance ƙwaryar hura ta dama da nono aka yi ta zagayawa da ludayi ɗaya, Bazabarme da Buzu da Ba'adare ba wanda ya tambayi wani daga ina kake.

To in Allah ya kai ku lahiya kada ku aje jikka ku wuce fada wurin abokai. Ku je ku gaida kaka tukuna, ku zauna ta tambaye ku hanya ku ba ta labari, gobe da sahe kuma ku ɗauki hauya ku bi baba gona, noma bai ƙare ba.