Ƙwarin ruwan gonar shinkafa ba a gonar kaɗai suke rayuwa ba

Duk wanda ya taɓa tsugunawa a bakin gonar shinkafa da sassafe ya leƙa ruwan nan ya san abin da nake nufi. Ga wasu ƙananan ƙwari masu dogayen ƙafafu suna sulɓi a saman ruwa kamar ba su da nauyi, ga tsutsar mazari ta yi lamo cikin taɓo tana jiran tsutsar sauro ta gifta ta cafke. Yawancinmu kallon datti muke musu, ni kam leburori nake gani waɗanda ba a biyansu ko sisi.

Amma fa ruwan gonar shinkafa ruwan aro ne. A cika, a yi dashe, tsakiyar noma wasu su zare ruwan don saiwa ta sha iska, lokacin girbi kuma a busar da ita ƙaf. To ƙwaron da rayuwarsa take cikin ruwa ina zai nufa? Sai kududdufin da ke kusa, ko magudanar ƙasa mai ciyawa, ko ɗan kurmin gefe, can yake fakewa har ruwa ya dawo shi ma ya dawo. Shi ya sa gonaki biyu, iri ɗaya taki ɗaya, sai ka ga ɗaya cike da mazari ɗayar kuma shiru, bambancin yana makwabta. Ranar da aka cike kududdufin aka shafe magudanar da siminti aka ce ai an zamanantar da noma, to an rushe musu masauki ne.

Dubi Japan. Akwai wani jan mazari da suke kira akiakane, yana yin ƙwai a gonar shinkafa da kaka, ƙwan ya kwana cikin ƙasa duk sanyi, a ƙyanƙyashe idan an sako ruwa, manyan su haye duwatsu lokacin zafi sannan su sauko. Wato rayuwarsa ɗaya amma tana buƙatar gona da dutse. Daga shekarun 1990 yawansa ya faɗi warwas a yankuna da dama, kuma masana sun ɗora babban laifin kan magunguna irin su fipronil da ake zubawa tun a wurin rainon iri.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne feshin farko-farko, manomi bai ma ga ƙwaro ba ya ɗauko famfo wai rigakafi. Indonesiya ta ɗanɗana kuɗarta, feshi ya kashe gizo-gizo da ƙwarin ruwan da ke cin wani ɗan ƙwaro mai tsotsar shinkafa, shi kuwa ya samu fili ya yi ɓarna, har a 1986 gwamnatin Suharto ta haramta maganin ƙwari iri 57 a kan shinkafa. A 2008 ma ƙasashen yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare dausayi, sun amince cewa gonar shinkafa ita ma dausayi ce mai ɗauke da halittu.

Na san wani zai ce kududdufi ai gidan sauro ne. Gaskiya ne, ba na musu. Sai dai bayan an yi feshi sauro ne yake fara dawowa, don cikin kamar kwana goma ƙwansa ya zama mai cizo, ita kuwa tsutsar mazarin da za ta cinye shi sai ta kwashe makonni, wata ma watanni, kafin ta girma.